Baƙi a Ɗakin Agege

Haladu ya aiko min littafi daga Malumfashi,
ba a buhu ba, ba ta hannun direban tirela ba.
Ta iska ya zo, ya sauka a tsohuwar kwamfutar
da na saya a Ikeja da ribar albasa.
Shafi ɗari biyu da ɗoriya,
labarin rafin da muka yi iyo muna yara.

Na buɗe shi da dare a manhajar rubutu.
Farin shafin ya dalle ni
kamar tocilar ɗan sanda a shingen hanya.
Baƙaƙen kuwa kiyashi,
sun cushe kamar fasinjan danfo a Oshodi,
wannan a cinyar wancan, ba mai numfashi.
Layi uku na yi, hawaye ya zubo.
Wuni nake cikin albasa a kasuwa, idona ƙamas,
sai ga littafi ya sa ni kuka.

Barira ta ajiye tukunyar da take kankarewa,
ta goge hannu a zani, ta ce, Baba, matsa.

Da haske ta fara, ta rage shi
kamar mai janye itace daga murhu.
Ta shafe farin nan da launin takardar siminti.
Ta kumbura harufa daga sha ɗaya zuwa ashirin.
Na ce ya yi yawa, ni ba makaho ba ne.
Muka yi ciniki, muka tsaya a sha bakwai.
Ta buɗa tsakanin layi da layi
har iska ta sami hanyar wucewa,
abin da mai gidan nan bai yi ba
da yake jera mana ɗakuna.

Sai na lura ƙugiyoyi sun gudu.
Inda ƙa take, akwati. Inda ɗa take, akwati.
Sunan ƙanena Ɗahiru ya zo ba kai.
Sau huɗu tana sauya salon harufa
kafin namu su dawo da lanƙwasarsu.

To jan layin fa?
Kowace kalmar Hausa an ja mata ja a ƙarƙashi,
wai na'ura ta ce kuskure ce.
Shekara talatin da ɗaya ina Ikko,
na san wannan kallon,
haka kwandasta ke yi min in na buɗe baki.
Barira ta danna wani lungu, jan ya kau.
Kalmomin suka miƙe, ba mai tuhumarsu.

Ta kwashe tarkacen da ke rataye a saman allo
kamar bakanike ya tashi daga aiki.
Ta tsuke faɗin shafin,
don kada ido ya yi tafiyar gadar Ikko
kafin ya dawo farkon layi.
Ta ce in na ɗan jima, in ɗaga kai in dubi nesa.
Ina nesa a Agege, 'yar nan?
Taga na kallon bango, bango na kallon taga.
Na zaɓi jar fitilar ƙarfen sabis
da ke ƙyaftawa can bayan layin dogo.

Aka ɗauke wuta wajen sha ɗaya.
Janareton Iya Sikira ya yi tari, ya kama.
Ruwa ya sauko kan kwano.
Ni ina bakin rafi, wandona a kan dutse.

A shafi na arba'in da shida na ci karo da sunana,
Tasi'u, da manyan baƙi, ba ja a ƙasansa.
Haladu ya rubuta wai ni na fara gudu
ranar da muka ga gungume muka ce kada ne.
Ƙarya yake, shi ya fara.

Batir ya rage kashi tara.
Barira ta yi barci, hannunta na ƙanshin sabulu.
Ban san inda ake sa alama ba,
sai na rubuta arba'in da shida
a bayan rasit ɗin albasa.