Tafintan da Bai Iya Bakinsa Ba

Ƙarfe biyun dare a Kakuri.
Janareton maƙwabci ya yi tari, ya yi shiru,
saura ni da hasken kwamfuta.

Lantana ce ta turo hoto da la'asar:
"Kuskure a layi na ɗari huɗu da bakwai."
Iyakar abin da na'ura ta ce ke nan,
ba sannu, ba ga hanya.
Kwana uku tana neman ɓarawo
a ɗakin da bai taɓa shiga ba,
ashe baka ta buɗe can sama, a layi na tara,
ta manta ba ta rufe ba.
Ta ce, "Yaya, ko dai kaina ne ba ya ja?"

Ba kanki ba ne, ƙanwata.
Tafintan da ke tsakaninki da na'ura
shi ne bai iya bakinsa ba,
ni kuwa na koya masa wannan tsawa
shekara huɗu baya, ina sauri, ina jin yunwa.

Yau na buɗe cikinsa.
Ga aiki ɗaya an rubuta sau uku,
ga wani mai suna "abu", ga ƙanensa "sabon abu",
ga bayanin da ya tsufa har ya koma ƙarya.
Baba, kafin a garƙame ƙofar masaƙa,
yakan ce in zare ya tsinke
kada ka ce wa yaro "ka ɓata",
kama yatsansa ka kai shi bakin zaren.

Na share layi ɗari uku.
Babu mai gani, babu mai yi mini barka,
kamar sharar ƙarƙashin gado.

Sai saƙon. Na rubuta "ka buɗe", na tuna Lantana,
na rubuta "kin buɗe", na tuna Istifanus na Barnawa,
na daɗe ina kallon kalma biyu
kafin na ce:
"An buɗe baka a layi na tara, ba a rufe ba.
Ko a nan ake nufi?"

Ladan ya soma gyaran murya.
Na danna gwaji, ina miƙa.
Ja ya fito.
"An buɗe baka a layi na sittin, ba a rufe ba.
Ko a nan ake nufi?"

A nan ne, na ce masa. Na gode.