Agogon da Ke Gudu

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo
a wani ɗan shago a Sololaki, tsakiyar Tbilisi,
inda babana Otar ya bar mini hantsaki da madubin ido.
Tun daga bakin ƙofa nake gane agogo mai sauri.
Nawa ne ban ji ba.

Watan Janairu, ƙanƙara ta rufe titi,
kowa ya naɗe cikin ulu,
ni kuwa taga a buɗe, zufa na bin gadon bayana.
Ina ci kamar gara, burodin cuku biyu a zama ɗaya,
siket na zamewa daga ƙugu.
Maƙwabciyata Lamara ta ce in ba ta sirrin.
Na daka mata tsawa. Har yau ban san dalili ba.

Sai ranar da wani sukuru, ƙanƙani kamar ƙwayar gero,
ya kuɓuce wa hantsakina sau bakwai.
Na shimfiɗa hannu a kan tebur.
Yana rawa shi kaɗai, babu makaɗi.

Da dare na ƙirga zuciyata da agogon wani:
ɗari da ashirin da huɗu.
Gocha na minshari,
idanuna sun firfito kamar na wadda ta ji mugun labari,
ko barci ba ya iya rufe su ruf.

Dakta Abashidze ta dafa wuyana, ta ce, "Haɗiye."
Ta zana malam-buɗe-littafi a bayan takarda.
"Ga shi nan, ƙasan maƙogwaro.
Dakarun jikinki ne ke tsikarinsa dare da rana,
shi kuma yana ta kaɗa fiffike."
Na ce, "Ashe ɓarawon na cikin gida ne."
Ta ce, "Mai gadi ne, ya manta fuskar masu gidan."

Wata goma sha takwas ina shan ƙwayoyi:
ɗaya ta lallashi wuya,
ɗaya ta ja wa zuciya linzami.
Jini a ’yar kwalba, layi a asibiti,
takarda manne a jikin firiji:
in zazzaɓi ya zo da ciwon maƙogwaro, kada ki jira gari ya waye.
Na yi kumatu. Na yi barci.
Aka ce in ajiye magani, Gocha ya yi rawa a kicin.

Kafin inabi ya sake nuna, tawa rawar ta dawo.

Sai suka kawo ƙwayar aidin cikin gwangwanin dalma,
wadda za ta kashe wutar daga ciki.
Na haɗiye ta da ruwa, ba ɗanɗano, ba zafi.
Mako guda ni kaɗai a ɗakin baya,
kofina daban, cokalina daban.
Jikata Tekle, ’yar shekara huɗu,
ta tsaya a waje tana hura gilashin taga,
tana zana mini kyanwa da yatsa.
Ban taɓa sanin taku uku na da nisa ba
sai a makon.

Daga nan agogo ya koma jinkiri.
Sanyi ya biyo ni bashin shekara biyu,
ƙafa ta yi nauyi, magana ta yi nauyi,
har aka dace da awon da ya yi mini daidai.

Yanzu kullum da asuba, kafin shayi,
ƙwaya ɗaya nake wana kaina da ita.
Idon hagu bai koma gida duka ba.
Ina ɗiga masa ruwa, muna zaman lafiya.
Lamara ta haƙura, bayan kwalbar zuma.

Jiya wani saurayi ya kawo agogon kakansa.
"Minti goma yake ƙarawa kullum.
Ya mutu ke nan, inna Tsisana?"
Na kara shi a kunne, na daɗe ina saurare.
Na ɗauki hantsaki. Hannu bai motsa ba.
Na ce, "Bar shi nan. Ka dawo Alhamis."