Rigar Ɓarawo

Takardu biyu na riƙe tun hantsi
a ƙarƙashin bedin asibitin Tawa,
ɗaya ta Illa, ɗaya ta ƙanwarsa Sahura.
Ban yi lakwal ba. Na miƙa wa Gaishatu,
na ce, "Ke kika ɗebi jinin, ke za ki karanta."

Ta gyara tabarau, ta fara da ta ƙaramar:
"Wannan jininta ya tsaya da ƙafarsa.
Garkuwa ta kafu, ƙwayar ba ta sami ƙofa ba."
Sai ta ɗauki ta biyun,
ta daɗe tana kallon abin da ita da kanta ta rubuta.

Uwa na gane shirun da ke gaban magana.

Na ce, "Ai ciki ɗaya ne, nono ɗaya,
hura ma a ludayi ɗaya.
Illa ko zazzaɓin kirki bai taɓa yi ba,
idonsa fari tas,
shi ke riga 'yan unguwa isa famfo da gudu.
Ta ina ciwona ya bi ya sami hanta?"

Ta ce, "Kuna da kare?"
Na ce, "A Kalfu, gidan babana."
Ta ce, "Kwikwiyon da ya buɗe ido
ya tarar da ɓarawo a tsakar gida
yana cin tuwo da mutane,
haushi zai yi masa?
Wutsiya zai kaɗa.
Haka jinin jariri yake.
Wanda ya tarar ranar haihuwa, ɗan gida ne.
Ba faɗa, ba shawara a ido,
baƙo ya shimfiɗa buzu ya miƙe ƙafa
shekara da shekaru, ba mai ce masa fita."

Na tuna daren Illa.
Ruwa tun magariba, kwari ya cika ya yanke hanya,
Gwaggo Tabawa da sabuwar reza da fitilar hannu.
Allurarsa ta fari sai bayan arba'in.
Wa ya sani? Ni ma da nake ɗauke da abin
ban san ina ɗauke da shi ba.

Ita Sahura a nan aka yi awonta.
Aka ɗebi jinina, aka kira ni gefe,
wata uku ina haɗiyar ƙwaya kafin in sauka.
Ta faɗo da asubar Alhamis,
kafin azahar an soka mata allura a cinya.
Ta tsala ihu, na harari mai farar riga,
na ce a raina wannan ba ta san zafin haihuwa ba.
Yau da zan gan ta, da na roƙi gafararta.

"Me ke cikin allurar nan?"
"Rigar ɓarawon ce, shi ba ya ciki.
Mun ba kwikwiyo ya sansana tun bai iso ba.
Ran da ya ɗora hannu a kan katanga
gida duka zai tashi."

Innata cikinta ne ya kumbura ta tafi.
Aka ce sammu, aka zargi maƙwabta.
Yanzu nake lissafi.
Ashe ban da 'yan kunne da tukunyar ƙarfe
akwai gadon da ta bar mini
ita ma ba da saninta ba.

Illa na bakin ƙofa yana ƙirga kabu-kabu.
"Inna, goma sha bakwai! Tawa takardar me ta ce?"
Na ce, "Ta ce duk wata shida
ni da kai mu zo mu gaida Gaishatu."
Ya ce, "Ban da Sahura?"
Na ce, "Ban da ita."
Ya yi tsalle, wai ya fi ta gata.

Na ninke takardun biyu wuri ɗaya,
na ƙulle su a bakin zane.
Albasata na jira a kasuwa, rana ta take.