Namijin Dabino

A garkarmu, can bayan duwatsun Dutse,
dabino goma sha tara ne, duk mata,
sai guda ɗaya a gefen rijiya
wanda bai taɓa ba mu ko ƙwara ba.

Baba Shekarau shi yake fara gaisarwa.
In sanyi ya fara ja da baya,
kuben fure ya tsage da kansa,
sai ya ɗaura igiya a ƙugu,
ya hau, ƙaya na karta masa damtse,
ya yanko huda fara sol,
mai ƙanshi kamar ƙullun da ya kwana.

Ya bi matan ɗaya bayan ɗaya,
ya karkaɗa gari a kan furensu,
ya soka sili uku a tsakiya, ya ɗaure.
Ba ya magana in yana sama.
In ya sauko, gemunsa ya yi fari,
mu yara mu ce ya ci tuwo bai wanke baki ba.

Shekarar da muka kai shi makwanci,
yayana Barau ya dubi itacen:
"Wannan shan ruwa kawai ya iya.
Ɗakina na neman azara."
Na ji. Ban ce a'a ba.
Ni ma na riƙe masa igiya.

Matan suka yi huda yadda suka saba,
suka buɗe, suka jira.
Iska ta zo hannu rabbana.
Nonon ya fito, amma me?
'Ya'ya ƙanana, ba ƙwallo a ciki,
baurinsu har tsuntsu ya tofar.

'Yata Tasalla, mai karatu a Kazaure,
ta zauna kan kututturen da yamma
ta ce, "Baba, an daɗe ana duniya ba fure.
Tsirrai iska suke ba wa saƙo,
ta kai wani, ta zubar da dubu.
Sannu a hankali wasu suka koyi ciniki:
kabewa ta ajiye zaƙi a ƙasan ƙoƙonta,
zuma ta shiga, ta fito da rawaya a ƙafa;
kuka ta buɗe farin furenta da dare
don jemage ne baƙonta.
Dabino kuwa bai yi wa kowa ado sosai ba,
ya dogara da iska,
sai kuma ya samu kaka."

Na yi dariya, dariyar ta tsaya mini a wuya.

Bana na tafi har ƙauyen su Cindo
da kuɗin tunkiya a aljihu,
na sayo huda a ƙunshe cikin tsumma
kamar mai ɗauko maganin haihuwa.
Na hau. Gwiwata ta yi rawa.
Ban san sili nawa ba ne daidai,
sai hannuna ya ƙirga uku da kansa.

A gindin kututturen wani ɗa ya tsiro,
zarɓa huɗu, bai kai ƙuguna ba.
Tasalla ta ce ɗan gindi uwarsa yake gado,
wannan kuwa ubansa.
Barau yana kwana ƙarƙashin azararsa,
amma jiya da asuba na gan shi
da tulu, yana ba shi ruwa,
bai san ina bakin darni ba.