Kofi Ɗaya, Sai a Jira

Kaneng za ta koma wurin ɗanta a Abuja.
Ta sayar da kujeru, ta rabar da tukwane,
ni kuwa rabona kifaye huɗu,
kowane kamar faifai a tsaye,
da baƙin zane uku a gefe
da zare biyu a ƙirji yana jan ruwa.
"Mala'iku ake ce musu," in ji ta,
"amma suna da zuciya, ki kula."

Tun jiya ta hana su abinci
don kada su ɓata ruwan tafiya.
Kowane da ledarsa, ruwa sulusi, sauran iska.
Na jera su a kular da nake zuba shinkafar suna,
na lulluɓe da tawul.
Soson tace ruwa na robarsa daban, a jiƙe.
"Kar ki wanke shi. Dattin nan nasu ne, sun san shi."

Daga Dadin Kowa har Rikkos
kular na kan cinyata,
ina roƙon mai Keke a bakin kowane rami.
A Taminus ya waiwayo:
"Hajiya, ƙwai ne?"

Akwatin gilashina mako uku ke nan
yana gurnani shi kaɗai, ba kowa ciki.
Na kashe fitila.
Na sa ledojin suna yawo a kan ruwa, bakinsu a ɗaure,
minti ashirin, ɗumi ya gaisa da ɗumi.
Sannan na kwance,
kofi ɗaya na ruwan gidana a cikin nasu,
sai a jira.
Wani kofin, sai a jira.

Baba na kan kujera da suwaita biyu da hular sanyi.
Shekara arba'in yana su a Ibi
kafin gwiwa ta ƙi,
muka ɗauko shi rana ɗaya, da buhunsa da rediyonsa.
Wata huɗu, bai ce komai game da Jos ba
sai dai ruwanta na cizon haƙori.
"Na kayar da giwan ruwa da ya fi ki tsawo," ya ce,
"ban taɓa ganin kifin da ake lallashi kamar baƙon asibiti ba."

Amma da na ɗauki 'yar raga hannuna na rawa,
sai ya miƙo nasa.
Bai kore su ba. Ya nutsa ta, ya tsaya,
kowane ya shigo da kansa.
Ruwan ledar muka zubar a gindin fulawa.

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Na tashi da tocila ina tunanin hita,
na tarar an riga ni:
bargonsa a kan gilashi,
fulas a ƙasa,
gorar roba biyu cike da ruwan ɗumi suna iyo a ciki.
Ya taɓa ruwan da bayan hannu.
"Ƙaramar nan zanenta ya koɗe.
Kifi in ya tsorata, launi yake fara saki."
Muka zauna. Sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa.
Ya ba ni labarin wata ambaliya da ban taɓa ji ba,
har ladan ya yi gyaran murya.

Da safe uku sun taso suna leƙen sama.
Ta huɗun na bayan dutse, ido ɗaya a waje.
"Ba ta kwana uku," in ji Baba. "Kar ki matsa mata."

Da la'asar Kaneng ta kira.
Zafi ya hana ta barci,
ɗakin na hawa na huɗu, ba wanda ke gaida kowa,
shayi ma ya ƙi yin ɗanɗanonsa.
Ta yi shiru, sannan ta ce, "Sun ci?"

Na juya in duba.
Baba na tsaye ba sanda,
garin abincin a tsakanin yatsu biyu,
bai saki ba tukuna,
yana kallon bayan dutse.