Turke

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Brno.
Taragon ƙarshe ya shiga rumfa yana ɗigar ƙanƙara,
ni kuwa ina gaban kwamfutar ofis,
kibiyarta ta sandare a tsakiyar allo
kamar ƙuda a cikin zuma.
Fanka na huci a ƙarƙashin tebur,
ina jin ɗuminta a ƙwaurina.

Gigabait takwas gare ta, tsohuwar,
takwas tun ranar da aka sauke ta a kwali.
Burauza ta cinye bakwai, ta suɗe kwano,
ta zuba wa na takwas ido.
Jadawalin direbobin asuba na bakin ƙofa
da hula a hannu, babu wurin zama.

Shafukan ba nawa ba ne.
Na Bohdana ne, mai aikin rana.
Sittin da uku, na ƙirga:
farashin tayoyin hunturu,
yadda ake rainon tumatir a baranda,
yanayin garuruwa uku da ba ta taɓa takawa ba,
wani bidiyo da ke ta ci shi kaɗai, ba murya.
A gefen allo ta manna takarda:
Radim, kada ka rufe mini komai.

Na kira Kvido, ɗan yayata, wanda barci bai san gidansa ba.
Ya ce, Kawu, mai haɗama ba wa'azi ake yi masa ba,
awo ake yi masa.
Ya karanto mini layi guda, harafi bayan harafi,
na buga da yatsu biyu a baƙin allo:
huɗu, ko ɗigo ba ƙari.
Na kafa turke, na auna igiya,
na ɗaure ta.

Kwana uku fanka ta yi shiru.
Jadawali kan buɗe kafin shayina ya huce.
Har na fara tafiya kamar mai ilimi.

Abin da Kvido bai faɗa ba,
ko ya faɗa ina hamma,
wannan igiya ba ta jan dabba baya.
In ta kai ƙarshe, shaƙewa take yi.

Ranar Alhamis na tarar da Bohdana ba ta tafi ba,
da rigar sanyinta a jiki, jaka a cinya.
Ta ce, da ƙarfe uku da minti goma komai ya ɓace,
ba gargaɗi, ba sallama.
Sauran sun dawo, har da tumatir.
Guda ɗaya ya dawo fari fat.
Na ce, wanne?
Ta ce, takardar ajiye aiki.
Mako biyar ina rubuta ta,
saura in sa sunana.

A waje wani na kankare ƙanƙara daga layin dogo.
Mun saurare shi tare, ya daɗe.
Na ce, za ki sake rubutawa?
Ta kama linzamin kwamfuta, ta zagaya da kibiya
sau biyu, sau uku, ba ta maƙale ba.
Ta ce, ashe haka take gudu.
Ta ɗauki jaka.

A daren na sake kiran Kvido.
Yanzu awo biyu ne:
a huɗu a ja mata linzami, ta rage sauri,
sai a biyar wuƙa ta fito.
Shafin da aka daɗe ba a leƙa ba
ya kwanta barci, ya saki abin da ya riƙe.

Shafukanta tara ne yanzu.
Na tara fari ne, babu ko kalma,
sai ɗan sandan rubutu yana ƙiftawa a kusurwa.
Ba ya cin komai, na duba.
Nakan ja jadawali in rufe rabinsa,
in bar ɗaya rabin yana kallona
har taragon farko ya fita.