Makulli a Wuyana

Shekara tara makullin nan na wuyana,
na rataye shi da zaren buhun taki.
Ni ne Barau, maigadin ɗakin shan magani
a hayin Galma, inda kwalta ta gaji ta tsaya.

Da can me nake gadi?
Gado biyu, ɗaya an tokare shi da bulo.
Kwalabe wayam, sai warin abin da suka taɓa riƙewa.
Jemagu a silin, sun fi mu sanin ɗakin.

Ranar da rediyo ta ce an ware kuɗi
na ce wa Tabawa ta ƙaro murya.
Miliyan kaza, in ji mai karanta labarai.
Lambar ta fi ƙarfin yatsuna,
sai na auna ta da abin da na sani:
buhun masara nawa ke nan? Na ɓace a hanya.

Fenti aka fara aikowa,
kore da fari, har gindin darbejiya.
Aka kafa allo mai sunaye bakwai,
babu sunan magani ko ɗaya.
Tsofaffi a dakali suka ce:
kwalliya dai an yi, saura kuɗin sabulu.

A daminar ce maciji ya sari Jatau
cikin gonar rake, da hantsi.
Na buɗe ƙofa, don buɗewa ce aikina.
Sista Lantana ta buɗe kabad, ta rufe,
ba ta dube ni ba.
Muka ɗora shi a babur, mu uku.
Shika na can nesa, kwalbati ya karye,
ruwa ya kai ƙugu.
A bakin rafi ya ce a sauke shi ya huta.
Takalminsa ɗaya har yau yana ɗakina.

Sai bara, ba kiɗa, ba mai ɗaukar hoto,
wata akori-kura ta tsaya da la'asar:
farantan sola huɗu, ƙaramin firji,
da kwali uku da aka ce kar rana ta gan su.
Yaron da ya haɗa wayoyin ɗan Tudun Wada ne,
ya sha fura, ya goge baki, ya ce:
Baba, ka riƙa share musu ƙura.

Yanzu da dare ina jin firjin na gurnani
kamar kyanwar da ta ƙoshi.
Nakan tashi in ɗora masa hannu, in koma.
Daren da matar Mati ta zo da naƙuda
Sista ba ta riƙe tocila da haƙora ba.
Ta ga jinin da wuri, ta miƙa hannu,
allurar na nan inda aka ce za ta kasance.
Yarinyar yanzu rarrafe take,
takan ja min gemu ranar rigakafi.

Ban ce an gama ba.
Kwalbatin na nan yadda ruwa ya bar shi.
Sista ita kaɗai ce, dare da rana,
wata uku albashinta na yawo a ofis-ofis.
Jiya na ga wata takarda ƙarƙashin littafin awo.
Ban yi boko ba,
amma na san yadda mutum ke ninke takarda
in zai tafi bai so a sani.

Ku da ke zaune inda ake raba lambobi,
ban san hanyar da kuɗi ke bi ba
daga bakin rediyo zuwa hayin Galma.
Na dai san tulu ne mai yoyo,
a ɗebo shi cike, ya iso da rabi.
Rabin nan ne ya raya matar Mati.
Ku lissafa min, ku da kuka iya lissafi:
da ya iso cike tun farko,
da wa da wa za su yi sallar bana da mu?

An kira assalatu. Bari in share baranda.
Ga wata can tafe da goyo, raɓa har gwiwa,
makulli ya yi ɗumi a ƙirjina.